Surukina Ya Ɗora Wa Ɗana Dokar Masu Ciwon Suga

Assalamu alaikum Gwaggo Furera. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a dangin mijina, domin haƙurina ya zo wuya. Ki sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a nan cikin Katsina, lissafi nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma ɗalibaina za su shaida miki cewa ba a kawo mini wargi a aji. Amma kin gan ni nan, a gaban surukina ko tari mai ƙarfi ba na iya yi.

Abin ya faro ne tun haihuwar ɗana na fari. Bakwaini na haifa, watan bakwan ma bai gama cika ba. Ranar da na fara ganinsa a cikin kwalba, duk an jona masa robobi, sai da na kau da kai, don gani nake ko kallo mai ƙarfi zai iya ji masa ciwo. Mun daɗe a asibiti. A makonnin farko likitar ta ce mana sugan jininsa yana hawa, suna ta daidaita ruwan da ake ƙara masa suna sake gwadawa. Daga baya abin ya lafa, ya kama nono, aka sallame mu. Ranar sallamar likitar ta zaunar da mu ni da maigidana, ta ce mu riƙa kawo shi ana duba girmansa, saboda yaran da suka zo da wuri haka, musamman waɗanda sugansu ya hau, ana son a sa ido a kan yadda ƙwaƙwalwarsu take bunƙasa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ina zaune, da kunnena na ji.

To shi maigidan nawa, bawan Allah, da ya je gidansu a Ƙofar Kwaya, a cikin duk wannan dogon bayani kalma biyu kacal ya kai wa mahaifinsa: suga da ƙwaƙwalwa.

Baba Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma ya fi shekara ashirin yana fama da ciwon suga. Ciwon nan shi ya ci ƙafar ƙaninsa, shi ya tafi da idon yayarsa, don haka ban ga laifinsa ba in ya ji kalmar ya firgita. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Tukunyarsa daban, kwanonsa daban, injin gwajin sugansa kuwa kullum yana aljihun gaba tare da carbi. Sunansa aka sa wa yaron, shi ya sa duk gidan ake ce masa Ƙarami. Tun daga ranar ya yanke hukunci cewa takwaransa ya gaje shi, da sunan da ciwon duka.

Lokacin da nake shayarwa ni kaɗai dokar ta shafa. Ya aiko a daina sa mini suga a kunu ina cikin jego, ya aiko da buhun acha, na yi dariya na ce tsufa ne. Ina kai yaron asibiti ana auna shi, ana cewa yana tafiya daidai gwargwadon yadda ya zo. Matsalar ta soma ne da aka zo yaye. Kamar yadda aka saba, aka ɗauke shi daga gidanmu na Ƙofar Guga aka kai shi wurin kakanninsa, da sunan zai yi 'yan makonni ya manta da nono. Gwaggo, an doshi rabin shekara. Baba Alhaji ya ce yaron ya zauna ke nan, domin wai mu yaran zamani ba mu san yadda ake riƙon mai ciwon suga ba, za mu kashe masa ƙwaƙwalwa da shayi da biskit.

Bari ki ji abin da ɗan shekara biyu yake ci a gidan nan. Da safe faten acha. Da rana tuwon alkama da miyar kuɓewa, ba mai sai ɗan ɗigo. Da yamma kwaɗon zogale babu suga, a yanka masa gauta a gefe. Babu shinkafa, babu dankali, babu ayaba, babu gwanda, babu kunun gyaɗa. Fura da nonon da matan Fulani ke kawowa har cikin gidan, kowa ya dama ya sha, shi sai dai ya bi ludayi da ido. Har ruwan shuwaka ake ɗura masa da cokali, yana kuka Baba Alhaji yana rarrashinsa wai shi ma haka yake sha. Ita kuma Hajiya, uwar mijina, ta kawo tata gudummawar: ba a ba yaro ƙwai, wai yana sa sata kuma yana hana magana da wuri. Shi ya hana mai zaƙi, ita ta hana ƙwai. Ki faɗa mini, tsakanin su biyun me ya rage wa yaron nan?

Sannan ga gwaji. Duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci, sai Baba Alhaji ya huda yatsansa ya gwada, sannan ya kama na Ƙarami ya huda da abin hudawar nan guda. Yaron har ya gane, da ya ga kakansa ya sa babbar riga sai ya dunƙule hannu ya ɓoye a hammata. Kuma kullum sakamakon lafiya lau yake fitowa. Na ɗauka wannan zai kashe maganar. Ina! Sai ya ɗaga injin yana nuna wa mutanen gida, wai ga amfanin acha nan, da an bar yaron a hannun uwarsa da tuni sugan ya hau. Ni da nake koyar da lissafi, na rasa ta inda zan kamo wannan lissafin.

Za ki ce me ya hana ni magana. Gwaggo, ɗan fari ne. Ke kin san yadda muke. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi a tsakar gida sai dai in dubi bango har wani ya ɗaga shi. Ga shi kuma mai sunan suruki, kunyar ta zama biyu. Ranar da na daure na ce wa Hajiya kamar yaron ya rame, sai ta dube ni ta yi murmushi, ta kira ƙanwar mijina Haulat ta zo ta ji yadda matan yanzu suke awon ɗan fari da ido. Har yau in na shiga gidan sai Haulat ta tsokane ni da maganar. Na kai kuka wurin mahaifiyata, ta ce kada in kuskura in ja mata abin faɗa, ɗan fari ba na uwa ba ne, ita ma nata a hannun kaka ya girma kuma ga shi nan da ransa. Na ce mata nata ba a kwalba ya fara rayuwa ba, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Maigidan kuwa, in na yi masa magana sai ya ce a bi a hankali, Baba ya fi mu sanin ciwon nan. Wani lokacin ya zaro waya ya nuna mini wani bidiyo da aka turo a zauren abokan aikinsa, wai an yi bincike an ga hawan suga a jikin bakwaini yana taɓa ƙwaƙwalwa. In na ce masa ai wancan na kwanakin kwalba ne, sai ya ce to ni likita ce? Ya ɗauki makullin mashin ya tafi ofis abinsa, can GRA, inda na tabbata ba gauta yake ci da rana ba.

Da na ga ba sarki sai Allah, sai na fara fasa-ƙwauri. In na taso daga makaranta in hau kurkura, wato keke mai ƙafa uku, in biya Ƙofar Kwaya da sunan gaisuwa, da ayaba ko dafaffen ƙwai a ƙarƙashin hijabi. In ja shi bayan ɗakin girki in ba shi a tsaye. Yadda yake cusa abin a baki yana waige-waige, ke kya ce shi ma ya san laifi muke yi. Ba a daɗe ba ɓawon ayaba ya tona mini asiri, akuyar gidan ta jawo shi daga inda na tura har tsakar gida, a gaban Baba Alhaji. Ranar ba Juma'a ba ce amma sai da aka huda yaron. Aka kira mijina, aka yi zama a kaina, aka ce in ina son jikansu ya zama dolo to in ci gaba. Yanzu in na je, Haulat ce ke karɓar jakata a zaure da sunan taya ni riƙewa.

Abin da ya sa na kasa barin maganar shi ne abin da na gani a wani suna da aka yi a gidan makon da ya wuce. An zuba wa yara shinkafa a faranti, shi an ba shi acharsa a gefe. Da yaran suka watse, na leƙo na same shi a durƙushe yana tsintar ƙwayoyin shinkafar da suka zube a tabarma, da ƙasa da komai, yana kaiwa baki. Mata cike da tsakar gida. Ban iya ɗaukarsa ba. Na shige bayi na yi kukana na wanke fuska na fito.

Gwaggo, yaron nan ya rame, wuyansa ya yi tsawo, gashinsa ya fara ja. Tafiyarsa har yanzu da tangaɗi, kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, alhali 'yar maƙwabciyarmu da aka haifa bayansa har aike ake yi da ita. Baba Alhaji ya ce sugan da ya sha a nonona ne ya jawo, don haka ya ƙara tsaurara dokar. Asibiti kuwa tun da aka yaye shi ba a sake kai shi ba, wai me likita zai faɗa wanda shekara ashirin ba ta koya masa ba.

Shin da gaske ne hawan sugan nan ya riga ya lalata masa ƙwaƙwalwa? Shin yana da ciwon suga ko ba shi da shi? Kuma ta yaya zan karɓo ɗana ba tare da an ce na yi wa surukai rashin kunya ba? Wallahi ina ƙaunar tsohon nan, shi ya yi ta zarya a asibiti lokacin da muke kwance, kuma na san yana iya ba da ransa saboda yaron. Amma wani lokacin ji nake kamar in ɗauke injin nan in jefa a rijiya.

Taki,
Malamar da ta rasa bakin magana, Katsina.

*

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar injin nan inda yake, rijiya ba ta yi miki laifin komai ba. Na yi dariya a wurin akuya, amma da na iso wurin tabarma dariyar ta ɗauke, kuma har na gama karantawa ba ta dawo ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai tambayarki wurin wata likitar yara da na sani, ga kuma abin da na fahimta. Hawan suga a makonnin farko abu ne da ake yawan gani a jikin jariran da suka zo da wuri sosai. Jikinsu bai gama nuna ba, bai ƙware wajen sarrafa suga ba, ga ruwan da ake ƙara musu akwai suga a ciki don su rayu, ga wahalar rashin lafiya. In jikin ya yi ƙwari, yawanci abin wucewa yake yi. Wannan daban, ciwon da ke jikin Baba Alhaji daban. Akwai jariran da ake haifa da ciwon suga na gaske, amma ba su da yawa ko kaɗan, kuma ba a sallamar irinsu haka kawai babu magani babu gargaɗi. Likitar da ta ga ɗanki ita ce za ta tabbatar, amma duk abin da kika faɗa bai yi kama da mai ciwon suga ba.

Maganar ƙwaƙwalwa kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Bidiyon mijinki bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Wasu masu bincike sun ga cewa a cikin bakwainin da sugansu ya daɗe a sama, an fi samun masu jinkirin tafiya ko koyo daga baya. Sai dai su kansu ba su gama rabe ko sugan ne ya jawo ba, ko kuwa dama jariran da suka fi ƙanƙanta da shan wahala su ne sugansu ke hawa. Da yawa daga cikin irin yaran nan sun tashi lafiya lau. Kuma ko ma mene ne, abu ne da ya faru a kwanakin kwalba. Acha ba ta komawa baya ta goge shi. Abin da babu gardama a kansa shi ne ƙwaƙwalwar yaro a shekarun nan abinci take nema, da mai, da nono, da ƙwai, da wake, da kifi ko hanta, da 'ya'yan itace. Abin da ake gudun ya same shi, hanyar da aka bi don a kare shi ita ce ta fi kusa da jawo masa. Ramar nan da jan gashin da kika ambata alamu ne da ba a wasa da su, domin haka tamowa take farawa.

Ki kuma rage auna shi da 'yar maƙwabta. Bakwaini ana cire masa watannin da bai cika a ciki ba kafin a yi masa hisabi. Duk da haka jinkirin maganarsa yana buƙatar a duba, har da kunnensa da idonsa, don wani yaron ba magana ce ta gagare shi ba, ji ne bai yi sosai. Ana samun gyara mai yawa in an tari abin da wuri. Huda yatsan nan kuma a daina shi daga yau. Abin hudawa ɗaya tsakanin mutum biyu hanya ce ta ɗaukar cuta irin ciwon hanta, ko da kaka ne da jikansa.

Yanzu bari in yi wa tsohon nan adalci. Mutumin da ya ga an yanke ƙafar ƙaninsa ba zai ji kalmar suga kamar yadda ni da ke muke jin ta ba. Ba mugunta yake yi ba, tsoro ne da ƙauna suka haɗu masa, aka kuma kai masa rabin labari. Yana da gaskiya a kan lemon kwalba da alewa da biskit, ki bar masa wannan, ki ma gode masa a kai. Ke ma kina da naki. Ayaba a ƙarƙashin hijabi ta mai da ke mai laifi a idonsu, alhali ke ce mai gaskiya, kuma ta koya wa yaron cin abinci a ɓoye. Barin zuwa asibiti kuwa shi ya fi komai ba ni haushi, domin da ana ɗora shi a sikeli da tuni sikelin ya yi maganar da kike jin kunyar yi.

Wanda na fi jin haushinsa dai shi ne maigidanki. Shi ya kai labarin a gutsure, shi zai je ya cike shi. A bi a hankali ba shawara ba ce in yaro yana ramewa. Ki zaunar da shi ki nuna masa wannan shafin, ki ce na ce a cikin makon nan za a mai da yaron wurin likitar yara. Kada ya je wa mahaifinsa da cewa ya yi kuskure, tsoho ba ya haɗiye wannan daga bakin ɗansa. Ya ce masa lokacin duba Ƙarami ya yi, kuma ana son wanda ya fi kowa sanin abincinsa da gwajinsa ya zo ya yi wa likita bayani da kansa. Zai je, har da injinsa. A sa shi a gaba, a bar shi ya yi duk tambayoyinsa. In da hali mijinki ya fara ganin likitan da ke duba Baba Alhaji, domin mutumin da ya bi dokar likita shekara ashirin bai karya ba, in likitan ya ce a ba yaro fura zai ba shi. Hajiya ma a tafi da ita, ta ji maganar ƙwai daga bakin da ba naki ba.

In an yi haka ya sauko, ki bar masa girmansa. Irin tsarin nan nasa, in aka juya shi ya koma kan ciyar da yaron, babu wanda zai kai shi kula. In kuma ya ƙi zuwa, ko ya je ya ƙi ji, to ku nemi wani dattijo ko malamin da yake jin nauyinsa ya raka mijinki, a yi sallama, a yi godiya, a ɗauko yaron ya dawo ɗakinki. Ba cikin fushi ba, ba kuma a ɓoye ba.

Kunyar ɗan fari ni ma na yi ta, kuma ina ganin kyanta. Amma iyayenmu sun kawo ta ne don uwa ta bar wa dangi su nuna ƙauna, ba don ta tsaya tana kallon ɗanta da yunwa ba. Za a yi magana, Haulat za ta samu abin tsokana na shekara guda, mahaifiyarki za ta yi fushi ta huce. Duk wannan mai wucewa ne, watannin da ƙwaƙwalwar yaron nan take ginuwa a cikinsu su ne ba sa dawowa. Ɗanki bai iya cewa yana jin yunwa ba tukuna, kuma duk gidan nan ke kaɗai kika gane abin da yake son faɗa. In kika yi shiru, babu mai faɗa masa.

Allah Ya raya Ƙarami, Ya buɗe bakinsa, Ya ƙara wa kakansa lafiya da nisan kwana har ya ga ranar da takwaransa zai cinye kwanon shinkafa a gabansa ya nemi ƙari.

Gwaggo Furera